Kwana Goman Duna

Da daminar bara na je Tursa gaisuwa, na tarar da ƙofar gidan Kawu cike da mutane riƙe da sanduna. Karensa Duna ya ciji ɗan maƙwabci, yaro ɗan shekara shida, a ƙauri. Uban yaron magana ɗaya yake maimaitawa: a kashe shi yanzu.

Kawu ya tare bakin zaure. Tun harin Tabanni na 2018 barcin mutanen yankinmu bai ƙara yin nauyi ba, kuma haushin Duna shi ne ƙararrawar gidan. Wannan hujjar ya faɗa wa jama'a. Ɗayar, cewa yana son karen, dattijo ba ya faɗinta a bainar mutane.

Ni ban yi shakka ba, babu karen da ya kai ran yaro. Shari'a ta girmama dabba, har malaman Malikiyya suka ce wanda ke tsoron ƙishirwa ta halaka dabbarsa ya shayar da ita ruwan alwalarsa, ya yi taimama. Amma ba wanda ya fifita ta a kan mutum. Tsoron uban kuma ba na banza ba ne: an ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma idan alamunsa suka bayyana, da wuya a tsira.

Sai dai kashe Duna ba zai cire komai daga raunin yaron ba. Karen da cutar ta kai ga yawunsa ba ya cika kwana goma bai nuna alama ba. In yana raye, shaida ne. In an kashe shi, sai an gwada ƙwaƙwalwarsa a ɗakin bincike, kuma wa zai ɗauki kan kare daga Tursa zuwa birni?

Na ce, "Kawu, a ɗaure shi kwana goma. Amma yaro ba zai jira ba."

Muka wanke raunin da sabulu da ruwa na minti 15. Da safe aka kai yaron Sakkwato ya fara allura, da kuɗin tunkiyar da Kawu ya sayar ba tare da kowa ya nema ba.

Rana ta goma Duna na cin tuwonsa lafiya ƙalau. Yaron ya warke. Uban bai sake shiga zauren Kawu ba, kuma har yau sai dare ya raba ake kwance wa Duna sarƙa.