Ranar da Muka Ɗora Tukunya a Tsakiyar Kogin Nilu

Mu huɗu ne, dukkanmu ɗaliban aji biyu a wata jami'a a Alƙahira: biyu daga Kano, ɗaya daga Sakkwato, ɗaya daga Damagaram. Da aka ba da hutun tsakiyar shekara a ƙarshen Janairu, sai muka haɗa 'yan kuɗinmu muka hau jirgin ƙasa na dare zuwa Aswan, can kudancin Masar, tafiyar kusan kilomita 900. Burinmu shi ne mu kwana biyu a cikin faluka.

Faluka ƙaramin jirgin ruwa ne da ba shi da inji. Iska ce ke tura shi ta wani ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku da ake ɗagawa a kan doguwar sanda. An shimfiɗe samansa da katifu, an yi masa rumfar yadi, a nan ake zama, a nan ake barci. Mai jirginmu wani dattijo ne ɗan ƙabilar Nuba, kowa na ce masa Rayyis, wato shugaban jirgi, yana da yaro ɗaya mai taimaka masa.

Don mu rage kuɗi, muka ce masa mu za mu riƙa girkinmu. Gaskiyar magana kuma, mun gaji da ful da burodi, garau-garau muke marmari. Mun taho da shinkafa da wake da mai da yajin da aka aiko mana daga gida, da kuma rishon gas na ɗakinmu, irin silindar nan da ake murɗa mata kan girki a bisa. Rayyis ya dube ta ya ce, "'Ya'yana, kada ku kunna wannan sai mun ɗaure jirgi a gaɓa." Muka ce to.

Da azahar yunwa ta fi ƙarfin "to" ɗin. Ruwa a kwance yake, iska ba ta da ƙarfi, Rayyis yana can baya riƙe da sandar juya jirgi. Muka ce ai mun shekara biyu muna girki, me zai faru? Muka ajiye silinda a kan katako kusa da katifu, muka cika tukunya da ruwa da wake, muka kunna.

Ga abin da ba mu lura da shi ba. Kogin Nilu arewa yake gangarawa, iskar Masar kuwa galibi daga arewa take busowa. Mu kuma arewa muka nufa, wajen Kom Ombo. Jirgi mai ƙyalle ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, don haka sai ya tsallaka kogi a karkace zuwa wannan gaɓa, ya juyo zuwa waccan. Duk juyawa ɗaya, ƙyallen yakan koma ɗaya gefen, jirgin ma ya karkata can.

Ruwa na cikin tafasa Rayyis ya juya. Tukunya ta zame, ruwan ya kwarare a ƙafar ɗan'uwanmu na Damagaram, silinda ta faɗi a kwance, harshen wuta ya yi tsawo ya lashi gefen katifa. Mu ukun muka daskare. Yaron jirgin ne ya yi tsalle ya tayar da silindar ya kashe ta, ya dinga buga wa katifar jiƙaƙƙen tsumma. A gida in gobara ta tashi, ƙofa ake nema. A nan babu ƙofa sai kogi, kuma biyu daga cikinmu ba su iya iyo ba.

Ɗayanmu ya zaro man goge baki zai shafa wa ƙunar. Rayyis ya hana. Ya sa muka riƙa ɗibar ruwa muna kwarara wa ƙafar har kusan minti 20, sannan ya rufe ta da tsabtataccen ƙyalle. Daga baya mai magani ya tabbatar mana haka ya kamata a yi: ruwa mai sanyi, ba man goge baki ko ƙwai ko gishiri ba.

Da yamma da muka ɗaure jirgi, mun zaci faɗa za mu sha. Sai kawai ya ce mu zo mu ga madafarsa. Akwatin katako ne da aka lulluɓe cikinsa da kwano, an kafe shi a jikin jirgi yadda ba ya motsi. Gefe uku a rufe suke saboda iska. Rishon gajere ne mai faɗin gindi, ga wayar ƙarfe da ke riƙe tukunya. Ya ce bai taɓa cika tukunya fiye da rabi ba, kuma ko jirgi a ɗaure yake ba ya sakaci, domin manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido da ke zirga-zirga tsakanin Aswan da Luksor sukan tayar da igiyar ruwa.

Muna tsaye a wurin darasin Fiziks na aji huɗu ya dawo mana. Abu mai tsawo da ƙaramin gindi, cibiyar nauyinsa a sama take, ƙaramar karkata ta ishe shi faɗuwa. Mu kuwa mun ɗora cikakkiyar tukunya a kan doguwar silinda, mun ƙara kai nauyin sama. Dalilin da ya sa wutar ta yi tsawo kuma, gas ɗin da ke cikin silinda ruwa-ruwa ne. Idan tana tsaye, tururinsa ne ke fita. Idan ta kwanta, ruwan kansa ne ke zuwa bakin wuta.

Muka tambaye shi, "Ya Rayyis, me ya sa ba ka ajiye silindarka a ramin ƙasan jirgi, inda ba za ta faɗi ba?" Ya yi dariya ya ce can ne mafi haɗari. Gas irin na girki, kamar butan, ya ninka iska nauyi kusan sau biyu. In ya tsiyaya ba ya tashi sama, gangarawa yake yi ya taru a ƙasa kamar ruwa a ƙwarya. Cikin jirgi kuwa an yi shi ne yadda ruwa ba zai shiga ba, don haka gas ma ba shi da hanyar fita. Ƙyastun ashana ɗaya ya isa.

Bayan mun koma Alƙahira mun karanta yadda masu ƙananan jiragen teku ke yi. Sukan rataye risho a kan ƙusoshi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, nauyinsa na ƙasa da maratayin. Jirgi ya karkata, risho ya tsaya daidai, kamar guga a bakin igiya.

A daren nan dai sai da muka ci garau-garau. Muka ari daron ƙarfe, muka cika shi da yashin gaɓa, muka nutsa gindin silinda a ciki, muka ɗaure daron da igiya nesa da katifu. Muka zuba ruwa rabin tukunya, ɗayanmu ya zauna gadinta da bokitin ruwa a gefe. Rayyis ya ci loma biyu, yaji ya sa shi hawaye, ya kora da karkade, wato zoɓonmu na gida. Kuɗin katifar da ta ƙone ya cinye duk abin da muka yi tsammanin mun rage.

Ƙannenmu, da yawa daga cikinku za ku shiga jami'a da irin wannan silinda, ku ajiye ta a ƙaramin ɗaki kusa da katifa da labule. Kafin ku ƙyasta ashana ku duba: a ina take tsaye, me zai iya ture ta, me ke kusa da ita, kuma ta ina iska ke shiga? Tamu yanzu tana kusurwar ɗaki kusa da taga, an tokare ta da bulo biyu. Ɗan'uwanmu ya warke, sai dai tabo a bayan ƙafarsa, kuma har yau in ya ga an cika tukunya, shi ne na farko da zai ce a rage.