Ruwan alwala da tabaran cikin ido



Mu da muka yi karatun zaure, tun a babin ruwa na Ishmawi aka sanar da mu cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya ba, mai tsarki ne, mai tsarkakewa. A kan wannan muka ginu, shi ya sa duk abin da ya ƙazantu a gidajenmu ruwa muke nufa da shi. To, ga wani baƙon abu ya shigo mana wanda wannan ruwa mai tsarki yake ɓata shi, ya kuma jawo wa mai shi makanta. Muna nufin tabaran nan mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, wanda yaranmu ke kira kontak.

Wani masani ɗan ƙasar Cek, Otto Wichterle, shi ya gano hanyar ƙera mai laushin a 1961, domin masu raunin gani. Yau a Kumasi da Nima da Sabon Zango ya zama kayan ado. Da wuya a yi kamu ko walima ba ka ga amarya ko ƙawarta da ido ruwan toka ko ruwan zuma ba. Ba mu zo hana kwalliya ba, iyayenmu mata ma da kwalli suka tsufa. Damuwarmu ita ce ana sayen abin a teburin kayan shafa ko ta WhatsApp, ba awo, ba bayani. A Amurka, tun 2005 doka ta sanya ko na ado cikin kayan asibiti, ba a sayar da shi sai da takardar mai duba ido.

Ga dalilin tsananin. Fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido ba ta da jijiyar jini, daga iska take samun numfashinta ta cikin hawaye. Idan aka ɗora mata tabarau an rage mata iska, idan kuma bai dace da girman idon ba sai ya kankare ta. Ta wannan ƙujewa cuta ke shiga. A cikin ruwan famfo da na rijiya da na tanki akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, likitoci na ce mata Akantamiba. Shan ta ba ya cutar da mai lafiya, alwala da ruwan da take ciki ta inganta. Amma tabarau mai laushi yana tsotse ruwa kamar soso, sai ya riƙe ta a manne da ido. Idan ta kama, jinyarta watanni ce, da raɗaɗin da ke hana barci, wani lokaci ta bar hakiya, wani lokaci sai an yi dashe. Ruwan leda ma bai tsira ba, balle miyau.

Mu kuwa mutane ne da fuskarmu ke haɗuwa da ruwa sau biyar a yini. Saboda haka wannan magana ta fi shafar mu a kan wasu. Abin da muka karɓa daga malamai shi ne wanke cikin ido ba ya cikin farillan alwala, fuska ake wankewa. Mafi aminci a cire tabaran kafin alwala. Wanda hakan ya yi masa wuya, ya runtse ido sosai idan ya zo wanke fuska. Wanka kuwa, na tsarki ne ko na soso, sai an cire. Kuma kada hannu ya taɓa tabaran sai an wanke shi da sabulu an tsane shi sarai.

Sauran ƙa'idojin ba su da yawa. Ruwan magani na musamman da ake sayarwa dominsa, shi kaɗai ake wanke shi da shi, a murza shi a tafin hannu, a ɗauraye. Kullum a zubar da na jiya a zuba sabo, ba a ƙari a kan tsoho. Ɗan akwatin ajiyarsa a kife shi ya bushe, a sauya shi duk wata 3. Na yini ɗaya a jefar da shi da dare, na wata ɗaya kada ya shiga wata na biyu. Kada a kwana da shi, ko da gyangyaɗin bayan azahar ne, domin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce barci da shi yana ninka haɗarin kamuwa sau 6 zuwa 8. A sa shi kafin kwalliya, a cire shi kafin goge ta, kwalli kuma kada ya shiga bakin fatar ido ta ciki. Ranar da hazon hunturu ya sauko, a haƙura a ɗauki tabaran fuska.

Akwai kuma maganar aro. A zango mun saba da aron sarƙa da ashasha da takalmin biki, zumunci ne, muna alfahari da shi. Amma abin da ya kwanta a idon wata ba ya shiga idon wata, ko uwa ɗaya uba ɗaya suke. Mai yi wa amare kwalliya da ke ajiye guda biyu tana sa wa kowa, cuta take rabawa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne kalmar apolo. Tun da ciwon nan ya ɓulla a ƙasar nan a 1969, duk jan ido apolo ne a bakinmu, sai a ce zai wuce, a ɗiga nonon mai jego ko ruwan sukari ko maganin kemis. Mai sa kontak ba ta da wannan jinkirin. Akwai ƙwayoyin cutar da ke iya cinye baƙin ido cikin kwana biyu. Idan ido ya yi ja, ko yana zafi, ko ba ya son haske, ko gani ya dusashe, a cire tabaran nan take, a riƙe shi da akwatinsa, a nufi sashen ido ranar nan, Komfo Anokye ne ko Korle Bu ko asibitin da ya fi kusa.

Iyaye mata da gwaggwanni, ku ne a ɗakin amarya, mu iyakarmu zaure. Yadda kuke tambayar wanda ya ɗinka kayan, ku tambayi wanda ya auna idon kafin a sa masa wani abu. Jami'ar Kwame Nkrumah da ta Cape Coast suna yaye masu awon ido, ba a rasa su ba. Kuɗin awon a sa shi cikin lissafin biki tun farko, tare da na lalle.

Allah ya tsare mana ganinmu da na zuriyarmu, amin.