Gyambon Baffa da Ɗakin Iskar Delhi

Ciwon suga ya bar wa Baffana gyambo a tafin ƙafa. Wata da watanni ana wanki a Jalingo bai rufe ba, har maganar yanke ƙafa ta fara yawo a gida cikin raɗa. Da 'yan'uwa suka haɗa kuɗi, ni aka ɗora wa rakiya. Muka bi ta Abuja zuwa Delhi, asibitin Indraprastha Apollo da ke kan titin Mathura.

Abin da ya fara burge ni shi ne rashin gaggawarsu. Ɗakin iskar oksijin da muka zo dominsa yana nan, amma sai da suka auna yadda jini ke sauka ƙafar, suka kankare ruɓaɓɓen nama, suka duba ko ƙwayar cuta ta kai ƙashi, suka daidaita suga, suka ba shi takalmin da ke ɗauke nauyi daga kan ciwon. Likitan ya ce iskar taimako ce, ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ɗakin kansa ƙarfe ne mai kauri, kamar tankar mai, da 'yan tagogi zagayayyu da kujeru a ciki. Idan an rufe ƙofa sai a ƙara matsin iska ya ninka na waje sau biyu ko biyu da rabi, daidai da wanda ya nutse mita 10 zuwa 15 a ruwa, majinyaci kuma yana shaƙar oksijin zalla. Iskar da muke shaƙa kullum kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin ɗinta. A ƙarƙashin wannan matsi oksijin yana narkewa cikin ruwan jini da kansa, ya isa naman da ƙananan jijiyoyinsa suka toshe, ƙwayoyin da ke yaƙar cuta su samu ƙarfi, sabbin jijiyoyi su fara tsirowa. Kimanin minti 90 ake yi, kwana biyar a mako, har sau 30 ko 40.

Tsantseninsu kuwa sai wanda ya gani. Ba waya, ba ashana, ba turare, ba man shafawa, tufafin auduga kawai, domin oksijin da wuta ba sa ga maciji. Baffa, wanda ba ya fita sai da turarensa, ya haƙura. Kullum sai an auna suga kafin shiga, tunda sugan yana iya faɗuwa a ciki. Da kunne ya toshe masa ranar farko, ma'aikaciyar jinya ta zauna kusa da shi tana nuna masa ya riƙa haɗiyar yawu. Ya fito yana cewa, "Ɗana, yarinyar nan Allah ya yi mata albarka."

Ba kowa yake warkewa ba, kuma ba su ɓoye mana ba. A wani bincike na ƙasar Suwidin da aka buga a 2010, kashi 52 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa maganin sun warke cikin shekara guda, waɗanda ba a yi wa ba kashi 29. Kuɗin maganin ma ba na talaka ba ne, abin da ya fi ci mini rai ke nan, don na san manoma a bakin kogin Mayo Gwoi, can Jalingo, masu irin ƙafar Baffa.

Tasa ta rufe, alhamdu lillahi. Kafin sallama sai da suka koya masa duba tafin ƙafa da madubi kowace safiya, suka kuma hana shi taka ƙasa ba takalmi, ko da a harabar masallaci ne, musamman a zafin Maris da Afrilu, domin ƙafar mai suga tana ƙonewa bai ji ba.