Inda Kogin Komo Ya Haɗu da Teku

Mu mazauna Libreville kullum muna bin titin bakin ruwa, mu hango Pointe Denis a tsallake, mu ce ga teku nan. To, a gaskiya ruwan nan gaurayen ruwa biyu ne. Kogin Komo, wanda ya taso daga ƙasar Ikwatoriyal Gini ya ratso ta Kango, shi ke kawo ruwan daɗi, Tekun Atlantika kuma ya turo na gishiri.

Ruwan nan biyu ba sa haɗuwa nan take. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, don haka ya fi na kogi nauyi da kashi ɗaya cikin 40. Sai ya kurɗa ta ƙasa, na kogi ya bi ta kansa, musamman a watannin Oktoba da Nuwamba sa'ad da ruwan sama ya yi ƙarfi. Kamar fura da nono ne kafin a sa ludayi. Ludayin kuwa shi ne cikowar teku da janyewarsa sau biyu a kowace rana.

Masana lissafi sun daɗe a kan wannan iyaka. Helmholtz na Jamus a 1868 da Kelvin na Birtaniya a 1871 suka nuna cewa in ruwa biyu suna goga juna, gudunsu kuma ya bambanta sosai, iyakar takan yi raƙumai, su naɗe kamar tabarma, su farfashe, ruwan ya gauraye. A 1961 Miles da Howard suka tabbatar da ma'aunin: ana gwada bambancin nauyi da bambancin gudu a fitar da lamba guda, muddin ba ta gaza rubu'i ba, iyakar ba ta wargajewa.

Mene ne namu a ciki? Inda ruwan biyu suka gamu nan laka ke dunƙulewa ta kwanta, abin da ke sa a riƙa yashe hanyar jiragen ruwa a tashoshi irin ta Owendo, inda hajar kasuwar Mont-Bouët da yawa ke sauka. A ruwan zartsin nan ne kuma ƙananan kifaye ke girma cikin saiwoyin itatuwan bakin ruwa, irin na gandun Pongara da aka keɓe a 2002.

Amma babban abin lura shi ne rijiya. A ƙarƙashin unguwannin bakin ruwa ma, ruwan daɗi a kan na gishiri yake zaune. Lissafi ya nuna in ruwan ƙasa ya sauka da mita ɗaya, na gishiri na iya tasowa da mita 40. Saboda haka mai gina rijiyar burtsatse kusa da gaɓa, kada ya zurfafa ta fiye da kima, kada kuma ya bar inji yana ja dare da rana. Rijiyar da ta yi zartsi ba ta saurin komawa daɗi, kuma ta maƙwabci ma ba za ta tsira ba. Rigakafi dai ya fi magani.