Hasken da Sai a Duhu Ake Ganinsa

Aikin da na koya a Khartoum a ɗaki mai duhu ake yin sa. Ƙwayar halitta kusan ba ta da launi, furotin da ke cikinta kuwa ya fi ƙarfin madubin likita na yau da kullum. Dabarar ita ce a liƙa masa rini mai ƙyalli. Ka haska shi da shuɗin haske, ya mayar maka da kore, wani gilashi ya tace shuɗin, sai abin da kake nema kaɗai ya bayyana cikin baƙin fili.

Albert Coons ne ya fara liƙa irin wannan rini a jikin furotin na garkuwar jiki a Amurka, a 1941. A 1962 Osamu Shimomura ya ciro wani furotin mai koren ƙyalli daga wata halittar teku, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2008.

Ni dai a Omdurman na ga amfaninsa da idona, wajen gwajin tarin fuka. Mukan rina kakin majiyyaci da auramin, ƙwayoyin cutar su fito kamar gutsattsarin zare masu walƙiya. Tsohuwar hanya sai an ƙara girma sau 1,000, ido ya gaji. Da wannan, sau 400 ya isa, layin masu jira a waje ya ragu.

Amma hasken nan ɗan gata ne. Yana son lantarki, sinadaransa na son firji, kuma in ka daɗe kana haska shi sai ya dushe. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, firji ya mutu, samfuran shekaru suka lalace. Cikin watan nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa mayaƙa sun mamaye babban ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa, inda ake ajiye ƙwayoyin kwalara da ƙyanda da shan inna.

Na'ura ana sake saye. Idon da ya ƙware wajen rabe ƙwayar cuta da ƙura, shekaru ake yi kafin a same shi, kuma abokan aikina sun watsu, wasu Masar, wasu Saudiyya. Mai tari a Omdurman kuwa yana nan yana tarinsa. Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya dawo da su gida.