Barkonon Tsohuwa Ba Ya Sallama

Yau hirar tamu a kan barkonon tsohuwa ce, wato hayaƙin nan mai sa hawaye da jami'an tsaro kan harba idan za su tarwatsa taro, wanda wasu ke kira tiyagas. Na san wata za ta ce, to ni ina ruwana, ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa sai da dalili? Yi haƙuri 'yar uwa, hayaƙi ba ya sallama, bai kuma san katanga ba. Tsakar gidajenmu a buɗe take, iska ce kawai za ta juyo ta sauke miki shi a kan shanyarki da tukunyarki da ɗan da ke bayanki. Waɗanda ke Kano da Kaduna da Abuja a watan Agusta na 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, ba sai an ba su labari ba.

Duk macen da barkono ya taɓa faɗa mata cikin garwashi ta san sunan nan ya dace. Amma wanda aka fi harbawa babu barkono a cikinsa. Wani sinadari ne da ake kira CS, wanda wasu Amurkawa biyu, Ben Corson da Roger Stoughton, suka haɗa a 1928. Asalinsa farin gari ne mai laushi, idan aka harba gwangwanin sai wuta ta ci a ciki ta watso garin ya bi iska kamar hayaƙi. Ki riƙe wannan da kyau, domin kuwa gari sauka yake yi. Bayan an watse, unguwa ta yi tsit, yana nan kwance a kan tabarma da hijabi da gashin kai.

A idanunmu da hanci da maƙogwaro da fata akwai jijiyoyin da aikinsu jin zafi, su ne albasa ke tsokana idan kina yanka ta. To su wannan sinadarin yake tsokana, sai dai ninkin ba ninkin. Kafin minti ɗaya ido ya rufe kansa, hawaye da majina da yawu su ɓalle, tari ya sarƙe, ƙirji ya ɗaure kamar an ɗora miki turmi. Mai lafiya idan ya fita cikin iska mai kyau, yawanci cikin minti 15 zuwa 30 abin ya lafa. Matsalar tana ga jarirai da tsofaffi da masu asma da masu ciwon zuciya. Yaro kuwa ya fi kusa da ƙasa inda garin ke taruwa, ga shi yana numfashi da sauri fiye da babba.

Na ga wannan da idona wata shekara da aka yi hatsaniya a garinmu. Gwangwani ɗaya tak ya faɗo lungunmu. Mu manya muka yi kukanmu muka share, amma 'yar maƙwabciyata mai shekara huɗu, da yake tana da asma, sai da ta kwana biyu a asibiti. Washegari kuma jaririn gidan ya dinga tsala ihu da zarar an goya shi, an duba ciki, an duba kunne, ba a ga komai ba. Can kakarsu ta shinshina zanen goyon ta hau atishawa, ashe a kan igiya yake lokacin da abin ya faru. Wallahi har yau idan na tuna jan da fatar yaron nan ta yi sai zuciyata ta karye.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wannan abu an haramta shi a fagen yaƙi. Sojojin Faransa sun harba wani nau'insa tun 1914 a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ɓangarorin suka koma jifan juna da iska mai guba mai kisa. A 1993 ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar hana makamai masu guba, ta fara aiki a 1997, Nijeriya da Nijar da Gana duk suna ciki. Ta hana soja harba shi ga abokin gaba, don kada wancan ya zaci mai kisa ne ya rama da mafi muni, amma ta bar shi a hannun masu kwantar da tarzoma a cikin gida. Hujjarsu ita ce ya fi harsashi sauƙi, kuma gaskiya ne. Sai dai ni tambayata, a lungu mai faɗin taku uku, wa ke tace wanda zai shaƙa?

Kuma yana jawo kisa idan wuri a rufe yake. Ranar 9 ga Mayu 2001, a filin ƙwallo na Akara, ana wasa tsakanin Hearts of Oak da Asante Kotoko, aka harba shi cikin 'yan kallo, mutane suka ruga ga ƙofofi a kulle, sama da 120 suka mutu a turmutsitsi. Haka a Malang ta Indonesiya ranar 1 ga Oktoba 2022, rai 135 ya salwanta, har da yara. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Idan ya riske ki a kasuwa, kada ki bi ayari cikin matsattsen layi, ɗauki yaronki sama ki nufi fili ta ɓangaren da iska ke fitowa.

Mu mata muna da namu na daban. A birnin Portland na Amurka, bayan zanga-zangar 2020, masu bincike sun yi wa sama da mutum 2,000 da suka shaƙe shi tambayoyi, fiye da rabin masu jinin al'ada a cikinsu suka ce al'adarsu ta rikice, wata ciwon mara ya ƙaru, wata jinin ya zo ba lokacinsa ba. Saboda haka mai juna biyu da ta shaƙa, ta daure ta je awo ko da ta ji garau.

To idan ya shigo gida fa? Ki kwashe yara ɗaki, ki rufe ƙofa da taga, ki kashe fanka. Idan kuwa a cikin gidan gwangwanin ya faɗo, ku fice, kada kowa ya ɗauka, zafinsa na ƙona hannu. Kada ki murza ido, ki yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 10 zuwa 15. Kananzir da man goge baki da wasu ke shafawa, don Allah a bari, ƙuna suke ƙarawa. Man shafawa kuma riƙe garin yake yi a fata. Rigar da sai ta bi ta kai za ta fita, gara a sa almakashi, ɗinki ya fi makanta sauƙi. A yi wanka da sabulu da ruwan sanyi, a wanke kayan daban, mai shayarwa ta wanke jikinta kafin ta ba da nono. Abincin da ke buɗe a zubar, na san da ciwo a wannan zamani, amma kuɗin asibiti ya fi shi. Tsakar gida a wanke da ruwa, tsintsiya tayar da garin take yi. Wanda numfashinsa ya ƙi daidaita bayan rabin awa, ko idonsa ya ƙi buɗuwa, sai asibiti.

Ku kuma 'yan uwa da mazajenku ko 'ya'yanku ke sa kaki, ku riƙa tuna musu cikin hikima cewa bayan kowace katanga akwai mai jego da tsohuwa. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya tsare mana zuri'a, amin.