Ranar da Na Ga Dolfin a Tekun Maskat

'Yan uwana mata, ni da ko gadar kogi ba na son hayewa, sai ga ni cikin kwalekwale mai inji a tekun Maskat, babban birnin Oman. Maigida ne ya kai mu hutu, yara kuma suka kafe sai an je ganin dolfin.

Da sassafe muka tashi, na ɗora rigar hana nutsewa a kan hijabina. Na riƙe hannun autata gam, bakina bai huta da addu'a ba. Can sai ɗan jagoranmu ya nuna gaba, ga su garke guda, suna tsalle suna wulwulawa kafin su faɗa ruwa. Ya ce dolfin ba kifi ba ne. Iska yake shaƙa ta wata kafa a saman kansa, uwar kuma nono take shayarwa, kamar ayun kogin Binuwai.

Na hango wata uwa, ɗanta na manne da ita duk inda ta juya, ba riƙo ba ɗauri. Na dubi hannun autata, na sassauta.

La'asar a Masallacin Sarki Kabus muka yi ta, wanda aka buɗe a 2001. Na daɗe a sujada ina godiya.